Shimfiɗaɗɗen Harsashi a Ƙarƙashin Dogayen Benaye: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu filaye, 'yan kwangila, ɗaliban injiniya da masu sa ido a wurin aiki duk lokacin da aka zo maganar tushen gini mai hawa da yawa. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Alkaluman da ke ciki na fahimta ne, ba za su maye gurbin lissafin injiniyan da ya taka filin, ya kuma karanta rahoton ƙasarsa ba.

1. Mene ne shimfiɗaɗɗen harsashi, kuma me ya raba shi da fandishon da aka saba gani?

A ginin gida na yau da kullum, ana haƙa rami a ƙarƙashin kowace fila a zuba mata gindinta, ko a ja dogon rami a bin layin bango. Shimfiɗaɗɗen harsashi, wanda ma'aikata ke kira raf, faifan kankare ne guda ɗaya mai kauri, cike da rodi, da ke mamaye duk faɗin ginin, har yakan ɗan zarce shi. Dukkan filoli da bangayen lifta a kansa suke tsayawa, shi kuma ya rarraba nauyinsu a kan ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma faɗin tafin ƙafarsa ya sa yake ratsa rairayin da kofaton jaki ke nutsewa a ciki. Hikimar raf ke nan.

Ba kamanni ɗaya yake da shi ba. Akwai mai kauri bai ɗaya, akwai wanda ake ƙara wa kauri a ƙarƙashin filoli da tsakiyar gini, akwai mai bim-bim, wato kwantattun ginshiƙan kankare, da ke haɗa filolin, akwai kuma mai kamar akwati, inda daɓen ƙasa, bangaye da dakin (rufin kankare) na ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ke aiki tare a matsayin abu ɗaya. Siririn raf mai bim da ake yi wa gida mai hawa ɗaya ko biyu a wuri mai dausayi suna kawai ya haɗa shi da na bene mai hawa talatin.

2. Yaushe injiniya ke zaɓar raf?

Idan aka lissafa gindin kowace fila aka ga jimillarsu za ta cinye fiye da rabin faɗin ginin, to haɗe su wuri ɗaya ya fi sauƙi, ya kuma fi aminci. Haka nan idan ƙarfin ƙasar ya bambanta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko ginin na da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke buƙatar daɓen da zai tare ruwa.

Ga yadda lissafin ke tafiya a dunƙule. Kowane hawa na benen kankare yana ɗora wa ƙasa tsakanin tan 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane murabba'in mita. Hawa 30 ke nan ya kai tan 40 ko kusa da haka. Laka mai taushi ba ta wuce tan 5 zuwa 10, jar ƙasa mai ƙarfi takan ɗauki 15 zuwa 30, dutse kuwa ɗaruruwa. Da an dubi waɗannan lambobi za a gane cewa raf shi kaɗai yana isar dogon bene ne kawai inda ƙasa mai ƙarfi ko dutse ke kusa. Inda ba haka ba, sai an nemi taimakon zurfin rami (tambaya ta 8) ko turakun kankare (tambaya ta 7).

3. Shin raf yana hana gini nutsewa?

Ba ya hanawa, kuma wannan ce rashin fahimtar da ta fi kowace haɗari a wannan fage. Duk ginin da aka ɗora a kan ƙasa sai ya zauna. A kan yashi zaman yakan ƙare kusan tare da ginin; a kan laka kuwa ruwan da ke cikinta ne ke matsewa a hankali, shi ya sa nutsewar kan ɗauki shekaru. Aikin raf shi ne ya sa ginin ya zauna gaba ɗaya, ba wani sashe ya riga wani ba. Bene zai iya sauka santimita 5 bai ɗaya ba tare da kowa ya lura ba, amma bambancin santimita 2 tsakanin filoli biyu maƙwabta ya isa ya tsaga bango, ya hana ƙofa rufuwa.

Ma'aunin da injiniyoyi suka fi riƙewa shi ne kada bambancin ya wuce kashi 1 cikin 500 na tazarar da ke tsakanin wurare biyu. Filoli biyu da ke da mita 8 a tsakaninsu, milimita 16 ke nan. Idan ya kai 1 cikin 300 bangaye sun fara tsagewa, a 1 cikin 150 kuwa ƙashin ginin kansa ya shiga matsala. A dogon bene karkata ma abin dubawa ce: 1 cikin 500 a gini mai tsayin mita 150 na nufin ƙololuwarsa ta kauce santimita 30, alhali lifta na son hanyarta a miƙe.

Akwai wani abu kuma da ake mantawa. Saboda faɗinsa, raf yana tura nauyi zuwa zurfin da ƙaramin gindin fila ba ya kaiwa. Lakar da ke kwance a mita 20 ba ruwanta da gidan hawa biyu, amma ita ce za ta yanke hukunci a kan raf mai faɗin mita 30.

4. Wane irin gwajin ƙasa ake buƙata, kuma zuwa wane zurfi?

Ƙa'idar da aka saba ita ce a haƙa zuwa aƙalla ninki ɗaya da rabi na faɗin raf, sai fa idan an ci karo da dutse na gaskiya kafin nan. Raf mai faɗin mita 30 yana buƙatar ramukan gwaji masu kai wa mita 45. Idan an taɓa dutse, sai an huda shi mitoci kaɗan a ciro samfurinsa, domin a tabbatar ba ƙaton dutse ne guda da ke kwance cikin ƙasa ba. Rami ɗaya ba ya isa. Ana so a samu a kusurwoyi da kuma ƙarƙashin tsakiyar gini inda nauyi ya fi taruwa.

A cikin ramin ana yin gwajin guduma: a saki ƙarfe mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa ya ɗauka kafin bututun ɗibar samfuri ya shige santimita 30. A ƙasa mai taushi ana tura wani tsinin ƙarfe a hankali yana auna turjiyar kowane sashe. Lakar da aka ciro ana kai ta ɗakin gwaji a matse ta a ga yadda za ta zauna, ruwan ƙasa kuma a auna gishirinsa. Gwajin ɗora nauyi a kan ɗan farantin ƙarfe yana da amfani, amma mita ɗaya ko biyu na sama kawai yake ba da labari.

Abin da ya faru a Taranskona, kusa da Winifeg a ƙasar Kanada, ya isa darasi. A watan Oktoban 1913 aka cika wani katafaren rumbun hatsi na kankare da ke kan raf mai kaurin santimita 60. An gwada ƙasar daga sama an ga tana da ƙarfi, amma a ƙarƙashinta akwai laka mafi taushi da gwajin bai kai gare ta ba. Cikin yini guda rumbun ya karkata kusan digiri 27. Kankaren bai farfashe ba, har an miƙar da rumbun daga baya aka ci gaba da amfani da shi. Ƙasar ce ta zame daga ƙarƙashinsa. Duk mai ginin da ke neman ragi a kuɗin gwajin ƙasa, yana ragi ne a kan abu mafi araha a aikin, wanda kuma duk sauran lissafi a kansa ya dogara.

5. Kaurin raf nawa ya kamata ya zama?

Babu amsa ɗaya, kuma duk wanda ya faɗi lamba kafin ya ga zanen gini da rahoton ƙasa, ƙiyasi kawai yake yi. Benaye masu hawa 10 zuwa 20 sukan samu raf na mita 1 zuwa 2. Na Burj Khalifa a Dubai, mai tsayin mita 828, kaurinsa mita 3.7 ne, na tagwayen hasumiyoyin Petronas a Kuala Lumpur kimanin mita 4.5, na Hasumiyar Shanghai mita 6.

Abu biyu ke tsayar da kaurin. Na farko shi ne kada fila ta huda faifan. Fila guda a dogon bene tana iya ɗaukar tan dubu biyu ko fiye, duk a kan wuri da bai wuce murabba'in mita ɗaya ko biyu ba, kuma irin wannan hudawa ba ta ba da gargaɗi kafin ta faru. Na biyu shi ne taurin da zai hana faifan lanƙwasa kamar kwano, domin a kan laka tsakiyar raf ta fi gefensa nutsewa. A yau ana lissafin a kwamfuta, inda ake haɗa ginin da ƙasar a lissafi ɗaya, amma sakamakon bai fi alkaluman ƙasar da aka shigar ba (tambaya ta 4).

6. Me ya sa ake sa rodi sama da ƙasa?

Domin raf yana lanƙwasa ta fuska biyu. A ƙarƙashin fila, nauyi na danna shi ƙasa, sai gefen ƙasa ya miƙe. A tsakanin filoli kuwa ƙasa ce ke tura shi sama, sai gefen sama ya miƙe. Kankare yana jure matsi amma ba ya jure ja, don haka duk inda ja zai faru sai an sa ƙarfe. A manyan raf ana amfani da rodi mai kaurin milimita 25, 32 ko 40, wani lokaci hawa-hawa, tare da ƙarafan tsaye da ke tallafe ragar sama da kuma ɗaure ta da ta ƙasa a kewayen filoli.

Wanda ya leƙa ramin kwana ɗaya kafin zubi zai ga abin da ya kamata a bincika. A can ƙasa akwai siririn kankaren share fage na santimita 5 zuwa 7 da ke raba rodi da turɓaya. A kansa ragar ƙasa tana zaune bisa 'yan ƙananan tubalan kankare da ma'aikata ke kira biskit, waɗanda ke tabbatar da cewa kankare zai lulluɓe ƙarfen da aƙalla santimita 5, ko 7.5 inda ya taɓa ƙasa kai tsaye. Ma'aikata na tafiya a tsaye a tsakanin raga biyun, suna ɗaure mahaɗai da waya, suna tsince guntayen katako da ledar ruwa. Sai a duba ko an bar ƙofofin da bakin famfo da injin girgiza kankare za su shiga, domin rodin da ya cushe fiye da kima yana tare tsakuwa ya bar kogo a ƙarƙashinsa.

7. Mene ne bambancin raf kaɗai da raf mai turaku?

Turaku dogayen ginshiƙan kankare ne da ake kafawa ko a zuba cikin ƙasa a ƙarƙashin faifan. A tsohon tsari ana ɗora musu dukkan nauyin ginin, a ɗauki faifan a matsayin hula kawai. A tsarin haɗin gwiwa kuwa ana barin raf ya ɗauki rabonsa, turakun kuma a jera su inda za su rage nutsewa da karkata.

Birnin Farankfot na Jamus ne ya fi shahara da wannan. Lakar birnin ta sa benayen da aka ɗora a kan raf kaɗai a shekarun 1970 da 1980 suka nutse santimita 20 zuwa 30, wasu suka ɗan karkata. Da aka zo gina benen Messeturm a birnin, mai tsayin kusan mita 257, wanda aka kammala a 1990, sai aka yi masa raf mai kaurin mita 6 a tsakiya da mita 3 a gefe, aka sa turaku 64 kacal a ƙarƙashinsa. Nutsewarsa ba ta kai santimita 15 ba. Burj Khalifa yana kan turaku sama da 190 masu faɗin mita 1.5, da suka gangara zuwa kimanin mita 50. A Petronas, dutsen farar ƙasa mai ramuka a cikinsa ne ya sa aka matsar da ginin kusan mita 60 daga inda aka fara shatawa, aka kuma zuba wa kowace hasumiya turaku 104, wasunsu sun haura mita 100.

Tsarin haɗin gwiwa yana aiki ne inda ƙasar da ke manne da faifan take da ƙarfi. Inda laka ce mai ruwa-ruwa ko cikon ƙasa da bai gama zama ba, ƙasar za ta sauka ta bar faifan a rataye, nauyin duka ya koma kan turaku.

8. Da gaske ne ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suna taimakon harsashi?

Da gaske ne. Kowace mita ɗaya ta ƙasar da aka kwashe tana rage wa abin da ke ƙarƙashinta kimanin tan 1.8 a murabba'in mita. Ramin mita 10 ya sauke tan 18 ke nan, kwatankwacin nauyin hawa 12 zuwa 15. Ƙasar da ke can ta riga ta saba da wannan nauyi tun fil azal, don haka sabon abin da za ta ji shi ne abin da ya ɗara hakan kawai.

Hasumiyar Torre Latinoamericana a birnin Meziko, mai hawa 44, wadda aka gama a 1956, misali ce da ake koyarwa. Birnin yana kan busasshen tafki mai laka mai matuƙar taushi. Injiniya Leonardo Zeevaert ya yi mata harsashi mai kamar akwati a zurfin fiye da mita 13, ya ƙara da turaku 361 zuwa wata ƙasa mai ƙarfi a mita 33. Ta tsallake girgizar ƙasar 1957 da ta 1985, wadda ta rusa ɗaruruwan gine-gine a birnin. Sai dai zurfin rami yana zuwa da nasa matsalolin, kamar yadda tambaya ta 9 da ta 10 suka nuna.

9. Me ruwan ƙarƙashin ƙasa ke yi wa raf?

Yana tura shi sama. Kowace mita ɗaya da faifan ya nutse a ƙarƙashin matakin ruwa tana kawo turin tan ɗaya a murabba'in mita. Idan gindin raf yana mita 9 ƙasa da matakin ruwa, turin tan 9 ne, alhali faifai mai kaurin mita 2.5 nauyinsa tan 6 ne kawai. Kafin a ɗora hawa na farko-farko, ginin zai iya ɗagawa. Shi ya sa ba a kashe famfunan janye ruwa sai injiniya ya tabbatar nauyin da aka ɗora ya rinjayi turin. Matakin da za a yi lissafi da shi kuwa na tsakiyar damina ne, ba wanda aka auna a watan Maris ba.

Ruwan yana kuma neman hanyar shiga, musamman ta mahaɗin zubi biyu, don haka ake shimfiɗa rigar hana ruwa a ƙarƙashi, a kuma sa robar tare ruwa a mahaɗai. Idan yana da gishiri, yana cin rodi, wani nau'in kuma yana kumbura siminti. Ruwan ƙasar Dubai ya fi na teku gishiri a wasu wurare, dalilin da ya sa aka yi wa harsashin Burj Khalifa kankare mai matsewa sosai, aka kuma haɗa masa tsarin lantarki mai hana ƙarfe tsatsa.

10. Haƙa ramin zai iya cutar da maƙwabta?

Ƙwarai kuwa. Janye ruwa yana sauke matakinsa har a ƙarƙashin gidajen da ke kewaye, ƙasarsu ta matse, bangayensu su tsage. Gefen ramin da ba a tokare ba yana zaftarewa. A watan Yunin 2009, wani bene mai hawa 13 da ake gab da kammalawa a Shanghai ya kwanta gaba ɗaya a gefensa, bayan an haƙa ramin ajiye motoci a gefe guda, aka tara ƙasar da aka kwaso ta yi tudun kusan mita 10 a ɗaya gefen, ruwan sama kuma ya jiƙa ta. Turakunsa suka karye, ma'aikaci ɗaya ya rasu. Kafin a sa magirbi ya kamata a ɗauki hoton gine-ginen maƙwabta, a kafa musu alamun awo, a kuma tsara katangar da za ta riƙe gefen ramin.

11. Me ya sa ake dagewa a zuba kankaren a tashi ɗaya?

Domin inda sabon kankare ya haɗu da wanda ya riga ya daskare, wurin yakan zama rauni da kuma hanyar ruwa. A Petronas an zuba kubik mita 13,200 cikin awa 54 ba tsayawa a kowace hasumiya. A watan Fabrairun 2014, ginin Wilshire Grand a Los Anjalis ya sha kimanin kubik mita 16,200 cikin ƙasa da awa 19, lodi sama da 2,000. Amma ba dole ba ne kullum: kubik mita 12,500 na raf ɗin Burj Khalifa a zubi huɗu aka yi su, tsakiya da fikafikai uku. Mahaɗin da injiniya ya tsara, ya sa masa rodi da robar tare ruwa, ba shi da aibi. Abin tsoro shi ne wanda lalacewar famfo ko cunkoson hanya ya tilasta.

A ɗauki raf mai mita 30 a tsaye, 30 a kwance, kauri 2.5: kubik mita 2,250 ke nan, wato lodi kusan 280 na motar da ke ɗaukar kubik 8. Idan ana zuba kubik 60 a awa, aikin ya haura awa 37, dare biyu da yini. Wannan yana buƙatar masana'antar kwaɓi ta biyu da ke jiran ko-ta-kwana, famfon ajiya, janareta da mai, fitilu, da ma'aikatan da za su karɓi juna. Irin wannan aiki ba na ƙaramin injin kwaɓi da kwanon kai ba ne. Daga motocin kuma ana ɗibar samfuri a zuba a 'yan akwatuna masu santimita 15, a murƙushe su a kwana 7 da kwana 28 don tabbatar da ƙarfin.

12. Me ya kawo maganar zafi da ƙanƙara a zubin raf?

Siminti yana fitar da zafi yayin da yake kamawa. A siririn dakin zafin yana fita da sauri, amma a faifai mai kaurin mita 2 ko 3 yana taruwa a ciki na kwanaki. Idan tsakiya ta yi zafi saman kuma ya huce, sai saman ya tsage. Ana ƙoƙarin kada zafin ciki ya wuce digiri 70, kada kuma bambancin ciki da waje ya haura kimanin digiri 20. Wuce digiri 70 yana iya haifar da wata kumburar cikin kankare da ba ta bayyana sai bayan shekaru.

Magungunan sanannu ne: a rage siminti a maye gurbin wani kaso da tokar kwal ko garin dattin narka ƙarfe, a kwaɓa da ruwan sanyi ko ƙanƙara, a yi wa tsakuwa inuwa, a zuba da dare. A Wilshire Grand an binne bututai a cikin faifan ana zagaya ruwan sanyi. Ana kuma binne wayoyin auna zafi a sama, tsakiya da ƙasa, ana karanta su dare da rana. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne ana lulluɓe saman raf da leda da barguna, domin kada ya huce da wuri. Kwarara masa ruwan sanyi yana tsaka da zafi, kamar yadda aka saba yi wa ƙaramin dakin, na iya jawo tsagewar da ake gudu. A lokacin hunturu, busasshiyar iska da sanyin asuba suna ƙara wannan haɗari.

13. Iska da rashin daidaiton nauyi fa?

Iska tana tura dogon bene daga gefe, sai matsin ƙasa ya ƙaru a gefe ɗaya na raf ya ragu a ɗayan. Dole lissafi ya nuna cewa babu gefen da zai ɗaga. Ana kuma so tsakiyar nauyin ginin ta faɗa kusa da tsakiyar faifan, in ba haka ba karkata za ta yi ta ƙaruwa a hankali. Inda doguwar hasumiya ke manne da gajeren sashe na shaguna ko wurin ajiye motoci, akan raba su da mahaɗi, ko a bar wani zirin faifan ba a zuba ba sai hasumiyar ta yi yawancin zamanta.

14. Yaya lamarin yake a ƙasar Najeriya?

Ya danganta da gari, har ma da unguwa. A tsibiran Legas, Lekki da Fatakwal, yashi ne da laka mai taushi da ruɓaɓɓen ciyayi, ruwa kuma yana kusa da sama, don haka dogon bene a can kusan kullum sai da turaku. Abuja, Kaduna da Kano suna kan tsohon dutse da jar ƙasa da marmara suka rufe, inda raf kaɗai kan wadatar, amma zurfin dutsen yana iya sauyawa sosai a cikin fili ɗaya, sai rabin faifai ya zauna a kan dutse rabi a kan ƙasa. A sassan Borno, Gombe da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. A nan dole a gangara ƙasa da zurfin da danshi ke sauyawa. A tsofaffin birane kuma akwai kududdufan da aka cike da shara aka mayar filaye, kuma babu kaurin raf da zai mayar da shara ƙasar gini.

Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, injiniyoyi kuma sukan yi lissafi da ƙa'idojin Birtaniya ko na Turai. Mai gini ya tabbatar wanda ya sa hannu a zanen yana da rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kuma hukumar tsara birni ta jiharsa ta amince da zanen da rahoton ƙasar.

15. Za a iya ƙara hawa a kan raf da aka riga aka zuba?

Sai in tun farko an lissafa da ƙarin, ko kuma injiniya ya sake duba rahoton ƙasa, kaurin faifan, rodin da ke ciki da sakamakon gwajin kankare ya tabbatar akwai sarari. Ƙara hawa 5 a kan 15 ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne na nauyi a kan kowace fila, kuma hudawar da aka ambata a tambaya ta 5 ba ta jiran a ga alama. Maganar cewa "fandishon raf ne, zai ɗauka" ba hujja ba ce, ko daga bakin wa ta fito.

16. Ta yaya ake sanin raf yana aiki yadda aka tsara, kuma ana iya gyara idan ya gaza?

Tun ranar da aka gama zubi ake kafa ƙusoshin awo a filoli da kusurwoyi, a riƙa auna tsayinsu daga wata alama da ke nesa da ginin, bayan kowane hawa biyu ko uku, sannan a ci gaba na wasu shekaru bayan an tare. Abin da ake nema shi ne nutsewar ta yi daidai da hasashe, kuma saurinta ya riƙa raguwa. Mai gini ya riƙe waɗannan alkaluma tare da rahoton ƙasa, zanen rodi, bayanan zafi da sakamakon gwajin kankare, domin su ne farkon abin da za a nema idan tsaga ta bayyana.

Gyara yana yiwuwa, amma da tsada da jinkiri. Millennium Tower a San Faransisko, mai hawa 58, an kammala shi a 2009 a kan faifai mai kaurin mita 3 da turakun da suka tsaya a yashi ba su kai dutse ba. Zuwa 2016 an bayyana cewa ya nutse kusan santimita 40, ya kuma karkata. Bayan doguwar shari'a aka fara gyara, ginin ya ƙara nutsewa ana cikin aikin a 2021 har aka dakata aka sake tsari, daga bisani aka kafa sababbin turaku 18 da suka kai dutse a gefuna biyu, aka faɗaɗa faifan ya hau kansu. An gama a 2023, kuɗin ya haura dala miliyan 100, kuma har yanzu ana auna ginin.